Yadda Kiristanci Ya Yi Saiwa a Koriya: 'Yan Mishan, Rubutun Talakawa da Mulkin Japan

Ƙidayar jama'a da aka yi a Koriya ta Kudu a shekarar 2015 ta nuna cewa kashi 19.7 cikin ɗari na mutanen ƙasar, wato kusan mutum miliyan 9.7, Kiristoci ne mabiya ɗarikun Furotesta, kashi 7.9 kuma 'yan Katolika ne, yayin da mabiya addinin Buddha, wanda ya shafe fiye da shekara 1,600 a ƙasar, suka tsaya a kashi 15.5. Wanda ya sauka a birnin Seoul da dare zai ga shaidar wannan lissafi da idonsa, domin jajayen fitilu masu siffar gicciye suna haskawa a kan benaye ta kowace kusurwa. Abin da ke ɗaure kai shi ne maƙwabciyarta Japan, wadda 'yan mishan na Furotesta suka shiga tun 1859, shekara 25 kafin su sami ƙofar shiga Koriya, suka gina makarantu da asibitoci irin waɗanda suka gina a Koriya, amma har yau Kiristocinta ba su wuce kashi ɗaya ko kusa da haka ba. Iri ɗaya aka shuka, kusan hannu ɗaya ne ya yi shukar, amma girbin ya bambanta, don haka dole a nemi dalilin a cikin ƙasar da aka yi shukar da kuma zamanin da aka yi ta.

Kiristanci ya riga 'yan mishan isa Koriya, kuma hakan ya faru har sau biyu. A karo na farko, wasu malamai na masarautar Joseon, mai mulkin Koriya a lokacin, da ke karanta littattafan da jakadu ke kawowa daga Sin suka ci karo da rubuce-rubucen limaman Katolika, suka yi nazarinsu a tsakaninsu, har ɗaya daga cikinsu, Yi Seung-hun, ya karɓi baftisma a Bejin a 1784, ya dawo gida ya yi wa abokansa. Masarautar kuwa an gina ta ne a kan koyarwar Konfushiyas, inda yi wa kakanni hidima da ajiye allunan sunayensu a gida yake a matsayin ginshiƙin biyayya ga iyaye da sarki baki ɗaya. Da wani Bakatolike mai suna Yun Ji-chung ya ƙone allunan kakanninsa, aka yanke masa hukuncin kisa a 1791, kuma daga nan aka yi ta farautar 'yan Katolika a 1801 da 1839 da 1846, har zuwa babbar farautar da ta fara a 1866, wadda ta ci rayukan mutum kusan 8,000 tare da limamai Faransawa tara. A wannan shekarar ce kuma wani ɗan mishan na Furotesta daga yankin Wales na Birtaniya, Robert Jermain Thomas, ya rasa ransa a kogin Taedong kusa da Pyongyang, lokacin da mutanen gari suka ƙone jirgin kasuwancin Amurka da ya shigo da shi. Duk wanda zai zo daga baya ya san cewa a idon fada, addinin Turawa da cin amanar ƙasa abu ɗaya ne.

Karo na biyu ya fi muhimmanci ga labarin Furotesta, kuma a wajen ƙasar ya fara. John Ross, wani fasto ɗan Sikotland da ke aiki a Manchuriya, arewa maso gabashin Sin, ya saba da wasu fatake 'yan garin Uiju na bakin iyaka, irin su Yi Eung-chan da Seo Sang-ryun da Baek Hong-jun, waɗanda suka koya masa harshensu suka kuma taya shi fassara. A 1882 suka buga Bisharar Luka, a 1887 kuma Sabon Alkawari gaba ɗaya. Fataken nan ne suka riƙa tsallaka kogin Yalu da littattafan a ɓoye cikin kayansu, kuma Seo Sang-ryun da ƙaninsa suka kafa ikilisiya a ƙauyen Sorae na lardin Hwanghae tun babu wani Bature mai wa'azi na Furotesta da ya zauna a ƙasar. A gefe guda kuma wani jami'in Koriya da ke Japan, Yi Su-jeong, ya karɓi baftisma a 1883 ya fassara Bisharar Markus. Saboda haka, ranar Ista, 5 ga Afrilun 1885, da Horace Underwood na ɗarikar Presbiteriya da Henry Appenzeller na ɗarikar Metodis suka sauka a tashar Jemulpo, wadda a yau ake kira Incheon, akwai Bishara cikin harshen ƙasar da ɗan ƙasar ya riga ya fassara. Da Underwood ya kafa cocin Saemoonan a Seoul a 1887 da mutum 14, mafi yawansu waɗanda fataken Uiju suka riga suka jawo ne.

Zaɓin rubutun da Ross da abokansa suka yi ya cancanci a tsaya a kansa. Koriya tana da haruffanta, Hangul, waɗanda Sarki Sejong ya ƙirƙira ya kuma ƙaddamar a 1446, masu sauƙin da mutum zai iya koyonsu cikin 'yan kwanaki. Amma 'yan sarauta da malamai, waɗanda ake kira yangban, sun raina su, suna ganin rubutun mata da jahilai ne, ilimi na gaskiya kuwa sai da haruffan Sin, waɗanda sai an shekara da shekaru ana haddarsu kafin a iya zama jarrabawar aikin gwamnati. Masu fassara suka ɗauki rubutun da aka raina suka zuba masa littafin da suke ganin ya fi kowane littafi daraja. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1911, kuma coci-coci da yawa suka riƙa neman mai son baftisma ya koyi karatu tukuna. Sakamakon haka, matar manomi da ba a taɓa kiranta da sunanta a bainar jama'a ba, sai dai 'yar wane ko uwar wane, ta wayi gari tana riƙe da littafi tana karantawa, wata ma tana yawo gida-gida tana koyar da 'yan uwanta mata a cikin ɗakunan da namiji baƙo ba ya shiga. Waɗannan mata masu bishara, a ganina, sun yi aikin da ya fi na yawancin Turawan da ake yawan ambaton sunayensu. Haka kuma aka yi doguwar muhawara a kan sunan da za a kira Ubangiji da shi, daga ƙarshe Furotesta suka tsaya a kan Hananim, kalmar da ke da tushe a tunanin mutanen ƙasar game da Mai Sama, maimakon sunan da 'yan Katolika suka aro daga Sin.

Tun da doka ta hana wa'azi a fili, ta hanyar magani da makaranta aka shiga. Likita Horace Allen ya iso a Satumban 1884 a matsayin likitan ofishin jakadancin Amurka, kuma wata uku bayan haka aka yi yunƙurin juyin mulki wanda a cikinsa aka sassari Min Yeong-ik, ɗan uwan sarauniya, da takobi. Allen ya ɗinke raunukan, mutumin ya rayu, Sarki Gojong kuwa ya saka masa da izinin buɗe asibitin zamani na farko a Afrilun 1885, wanda daga baya ya zama asibitin Severance. Appenzeller ya buɗe makarantar maza ta Baejae, Mary Scranton ta buɗe ta mata ta Ewha a 1886 da ɗaliba guda tak, kwalejin da Underwood ya kafa a 1915 kuwa ita ce ta haɗu da Severance a 1957 ta zama Jami'ar Yonsei. Waɗannan cibiyoyi suna nan har yau cikin manyan makarantun ƙasar. Sai dai Japan ma ta sami irinsu, don haka su kaɗai ba za su bayyana bambancin ba.

Wani abin da ya fi kusa da bayani shi ne tsarin kuɗi da shugabanci. A 1890 matasan 'yan mishan da ke Seoul suka gayyaci John Nevius, wani tsohon ma'aikacin mishan a lardin Shandong na Sin, ya yi mako biyu tare da su. Nevius ya ga yadda biyan sababbin masu bi albashi daga kuɗin waje ke haifar da mabiya na ciki, waɗanda ke bin shinkafa maimakon bin addini, don haka ya ba da shawarar cewa kowane mai bi ya ci gaba da sana'arsa yana wa'azi a inda yake, kowace ikilisiya ta gina ɗakin sujadarta da ƙarfinta, ta biya mai koyar da ita, ta kuma zaɓi shugabanninta. Tunanin ba sabo ba ne, domin Henry Venn na ƙungiyar mishan ta cocin Ingila ya yi ta kiran a yi haka a Afirka ta Yamma tun zamanin Samuel Ajayi Crowther, amma abokan aikin Nevius a Sin ba su karɓa ba, a Koriya ce aka bi shi sau da ƙafa. Matan da ba su da kuɗin baiko sukan ɗebi cokali guda na shinkafa duk lokacin da za su ɗora tukunya su tara wa coci, maza kuma sukan yi alkawarin kwanaki, wani ya ba da goma wani ashirin, da za su bar gona su tafi wa'azi ƙauyuka. Da hunturu, lokacin da aikin gona ya tsaya, manoma sukan yi tafiyar kwanaki a ƙasa ɗauke da guzurinsu domin halartar ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na mako ɗaya ko biyu. Mutumin da ya gina ɗaki da guminsa ba ya kallonsa a matsayin ɗakin Bature. A 1907 aka naɗa fastoci bakwai na farko 'yan ƙasa daga makarantar tauhidi da Samuel Moffett ya fara a Pyongyang, kuma nan take aka tura ɗaya daga cikinsu, Yi Gi-pung, ya je ya yi aikin mishan a tsibirin Jeju.

Ba ko'ina addinin ya kama daidai ba. A Seoul da kudanci, inda gidajen yangban ke da ƙarfi, ya tafi a hankali, har ma da aka naɗa wani mahauci, Park Seong-chun, dattijon coci, alhali mahauta su ne ƙasƙantattun al'umma, an sha rigima da 'yan sarautar da ba su yarda su zauna a tabarma ɗaya da irinsa ba. Amma a arewa maso yamma, lardunan Pyongan da Hwanghae, ya bazu kamar wutar daji. Mutanen wannan yanki sun daɗe fada tana hana su manyan muƙamai, yawancinsu 'yan kasuwa ne da ƙananan manoma masu cin gashin kansu, ba su da wani abin da za su yi asara idan tsohon tsari ya rushe. Yaƙin Sin da Japan na 1894 zuwa 1895, wanda aka gwabza babban faɗansa a cikin Pyongyang, da yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 sun nuna musu ƙarara cewa Sin, wadda suka ɗauka uwar wayewa, ta faɗi, sarkinsu kuma ba ya iya kare su.

A nan ne babban dalilin yake. A yawancin ƙasashen Afirka da Asiya, mai wa'azi da mai mulkin mallaka daga ƙasa ɗaya suka fito, harshensu ɗaya, launin fatarsu ɗaya, don haka ko da sun saɓa a tsakaninsu, wanda aka mallaka yana ganinsu Ɗanjuma da Ɗanjummai. A Koriya kuwa mai mallakar Japan ce, ƙasar Asiya wadda ba ta Kirista ba, wadda ta mayar da Koriya ƙarƙashin kariyarta a 1905 ta kuma haɗiye ta gaba ɗaya a 1910. 'Yan mishan galibi Amurkawa ne da 'yan Kanada da 'yan Ostireliya, waɗanda 'yan sandan Japan ba sa iya taɓawa yadda suka ga dama. Da aka rushe rundunar sojan ƙasar, aka rufe jaridu da ƙungiyoyi, coci ya zama kusan wuri ɗaya tilo da ya rage inda 'yan Koriya ke taruwa a ƙarƙashin shugabanninsu, suna magana da harshensu, suna zaɓe da ƙuri'a, suna da hanyar sadarwa daga wannan lardi zuwa wancan. Labarin fitowar Isra'ilawa daga Masar ba ya buƙatar sharhi ga mutumin da ke ganin sojan mamaya a bakin kasuwarsa.

A cikin wannan baƙin ciki aka yi babbar farkawa ta Pyongyang. Ta samo asali ne a Wonsan a 1903, lokacin da wani likita ɗan Kanada, Robert Hardie, ya tsaya gaban 'yan Koriya ya amsa laifin girman kai da raina su. A Janairun 1907 maza kusan 1,500 suka taru a cocin Jangdaehyeon domin ajin hunturu, kuma a daren da aka ce kowa ya yi addu'a da murya a lokaci guda, mutane suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna kuka suna furta laifuffukansu, daga sata da zina har zuwa ƙiyayya, wasu kuma washegari suka mayar da dukiyar da suka ci. Gil Seon-ju, wanda kafin ya zama Kirista ya yi shekaru yana halwa a duwatsu bisa tafarkin addinin Tao na Sin, shi ne jagoran 'yan ƙasa a wannan taro, kuma da shi ake danganta yaɗuwar addu'ar asuba. Waɗannan al'adu biyu, addu'ar asuba a coci kullum da addu'ar da kowa ke ɗaga murya tare, su ne tambarin Kiristancin Koriya har yau, kuma ba daga Amurka aka kawo su a wannan siffa ba. Aka riƙa kiran Pyongyang Urushalima ta Gabas.

Bai kamata a ɗauka cewa 'yan mishan masu fafutukar 'yancin Koriya ba ne. Yawancinsu sun koyar da cewa coci ya nisanci siyasa ya yi biyayya ga hukuma, wasu ma sun yaba wa Japan a fili a matsayin mai kawo tsari, kuma akwai masana tarihi da ke ganin an yi maraba da farkawar 1907 ne saboda ta karkatar da fushin jama'a daga mai mamaya zuwa zunubin zuci. Sun daɗe suna riƙe da makarantar tauhidi, suna ganin bai kamata ilimin fasto ɗan ƙasa ya yi wa na mabiyansa nisa ba, kuma a tsakiyar shekarun 1920 an yi babbar hayaniya bayan wani ɗan mishan Ba'amurke ya rubuta kalmar ɓarawo da sinadari a kumatun yaron da ya tsinki tuffa a gonarsa. 'Yan Koriya ne suka ɗauki abin da aka ba su suka yi amfani da shi ta hanyar da masu bayarwa ba su nufa ba. Japan kuwa ta gane hakan da wuri: a 1911 ta kama ɗaruruwan mutane, galibinsu Kiristocin arewa maso yamma, bisa zargin shirya kashe Gwamna Janar Terauchi, kotu ta ɗaure 105, amma da aka ɗaukaka ƙara aka sallami 99 saboda ba a sami hujja ba sai furucin da aka tatsa da azaba.

Ranar 1 ga Maris 1919 aka karanta sanarwar neman 'yancin kai a Seoul, kuma cikin mutum 33 da suka sa hannu, 16 Furotesta ne, 15 mabiya Cheondogyo, addinin gida da ya taso a ƙarni na 19, biyu kuma mabiya Buddha, alhali a lokacin Kiristoci ba su wuce kashi biyu cikin ɗari na jama'a ba. Ta coci-coci da makarantun mishan aka rarraba takardar a faɗin ƙasar. Martanin Japan ya yi muni. A ƙauyen Jeam-ri, ranar 15 ga Afrilu, sojoji suka tara maza a cikin coci suka buɗe musu wuta suka cinna wa ginin wuta, mutum sama da ashirin suka mutu, kuma wani ɗan mishan na Kanada, Frank Schofield, ya je ya ɗauki hotuna ya sanar da duniya. Yu Gwan-sun, ɗalibar Ewha da ta jagoranci zanga-zanga a garinsu, ta mutu a kurkukun Seodaemun a 1920 tana budurwa 'yar ƙasa da shekara ashirin. Daga wannan lokaci ya yi wuya wani ya ce wa Kirista ɗan Koriya ya bi addinin baƙi ya bar ƙasarsa.

Sai dai wannan suna bai fita daga zamanin mallaka ba tare da tabo ba. A shekarun 1930 Japan ta tilasta wa ɗalibai, sannan kowa da kowa, rusunawa a wuraren bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, tana cewa alamar biyayya ga ƙasa ce kawai. Fadar Paparoma ta amince da wannan fassara a 1936, Metodis ma suka bi, wasu 'yan mishan na Presbiteriya kuwa suka gwammace rufe makarantunsu, ciki har da Soongsil ta Pyongyang a 1938. A Satumban wannan shekara babban taron Presbiteriya, 'yan sanda na zaune a tsakanin wakilai, ya zartar da cewa rusunawar ba ta saɓa wa bangaskiya ba. Tsiraru suka ƙi, aka ɗaure su, Fasto Ju Gi-cheol ya mutu a kurkuku a 1944. Bayan samun 'yanci, tambayar wanda ya rusuna da wanda ya ƙi ta raba Presbiteriya a 1952, saɓani a kan fassarar Littafi Mai Tsarki ya sake raba ta a 1953, rigima a kan shiga majalisar coci-coci ta duniya ta ƙara tsaga ta a 1959, kuma tun daga nan tsagewar ba ta tsaya ba, har ɓangarorin da ke amsa sunan Presbiteriya suka haura ɗari.

Rabuwar ƙasar a 1945 ta juya taswirar addinin. Mafi yawan Furotesta a arewa suke, yankin da sojojin Tarayyar Sobiyet suka mamaye, kuma mutumin da ya fi kowa farin jini a Pyongyang a lokacin, Cho Man-sik, dattijon coci ne, wanda aka tsare a farkon 1946 ba a sake ganinsa a fili ba. Rabon gonaki na 1946 ya taɓa dukiyar Kiristoci masu hali, zaɓen da aka sa ranar Lahadi a Nuwamban shekarar ya jawo karo da fastoci, don haka kafin yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 da kuma cikinsa, ɗimbin masu bi suka gudu kudu. Fasto Han Kyung-chik ya fara cocin Youngnak a Seoul a 1945 da 'yan gudun hijira 27. Waɗannan mutane sun zo da ƙwazon arewa, sun kuma zo da ƙiyayyar kwaminisanci da ba ta san sassauci ba, wadda har yau take tafiyar da siyasar manyan coci-cocin ƙasar. A kudu kuma, a karon farko, coci ya sami kansa kusa da mulki. Syngman Rhee, tsohon ɗalibin Baejae kuma ɗan Metodis, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko, ya sa an buɗe majalisar farko a 1948 da addu'ar fasto, Kirsimeti ta zama ranar hutu shekara kusan talatin kafin a ba ranar haihuwar Buddha wannan matsayi a 1975, an sa limaman Kirista a rundunar soja tun 1951 amma na Buddha sai 1968, kayan agajin Amurka kuma da yawa ta hannun coci suka bi.

Babbar bunƙasar adadi ta zo ne bayan 'yan mishan sun daina zama masu faɗa a ji. A farkon shekarun 1950 Furotesta ba su kai miliyan ɗaya ba, amma ƙidayar 1985 ta same su kusan miliyan 6.5. A tsakanin nan Seoul ta tashi daga mutum kusan miliyan 2.5 a 1960 zuwa sama da miliyan goma a 1990, kuma baƙauyen da ya baro danginsa da kaburburan kakanninsa ya zo aikin masana'anta ya tarar da coci a matsayin sabon ƙauye, inda ake samun aboki da labarin aiki da wanda zai zo jana'iza. Cho Yong-gi da Choi Ja-shil sun fara sujada a tanti a 1958 a wata unguwar talakawa, suna wa'azin albarka uku, ceton rai da lafiyar jiki da wadatar arziki, suka rarraba mabiya ƙananan rukunoni na unguwa waɗanda galibi mata ke jagoranta, har cocinsu na Yoido ya riƙa lissafa mambobi sama da 700,000. Taron mai wa'azi Ba'amurke Billy Graham na 1973 a filin Yoido ya tara mutum sama da miliyan ɗaya a ranar rufewa. Masu suka suna cewa wannan wa'azin albarka ya gaji aikin mudang ne, matan da ke hulɗa da iskoki domin nema wa mutane lafiya da sa'a, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, ko da yake fastocin da ake nufi su ne suka fi kowa yaƙar mudang. Ko matsalar kakanni da ta jawo kisan 'yan Katolika an samo mata mafita, domin iyalan Furotesta suna taruwa ranar da mahaifi ya rasu su yi sujadar tunawa a maimakon tsohuwar hidimar.

A zamanin mulkin soja cocin ya rabu biyu. Tsiraru, masu aikin bishara a masana'antu da malaman tauhidin minjung, wato tauhidin talakawa, irin su Ahn Byung-mu da Suh Nam-dong da Fasto Moon Ik-hwan, sun sha kora daga aiki da ɗauri saboda kare ma'aikata da neman dimokuraɗiyya. Mafi rinjaye kuwa sun yi shiru ko sun sa albarka, har wasu manyan fastoci suka yi wa Janar Chun Doo-hwan, wanda ya ƙwace mulki, taron addu'a a Agustan 1980, wata uku bayan kisan da sojoji suka yi a Gwangju. Cocin Katolika, ƙarƙashin Kadinal Kim Sou-hwan, wanda ya hana 'yan sanda kama ɗaliban da suka fake a babban cocin Myeongdong a 1987, ya fito daga wannan zamani da mutuncin da Furotesta suka samu a 1919.

Tun daga tsakiyar shekarun 1990 adadin ya daina hawa yadda ya saba, ƙidayar 2005 ma ta nuna raguwa, ta 2015 kuma, duk da ta sa Furotesta a gaban sauran addinai, ta nuna cewa kashi 56 cikin ɗari na jama'a ba su da addini, kuma a cikin matasa rabon ya fi haka. Rigingimun kuɗi, da fastocin da ke gadar wa 'ya'yansu manyan coci-coci kamar kamfanin iyali, da wa'azin tsoratarwa a tashoshin jirgin ƙasa sun zubar da ƙimar da aka tara. Ƙasar da ta karɓi 'yan mishan yanzu tana da nata fiye da 20,000 a ƙasashen duniya, amma da 'yan Taliban suka yi garkuwa da mutum 23 na wani coci a Afghanistan a 2007 suka kashe biyu, da yawa daga 'yan Koriya fushi suka yi da cocin da ya tura su maimakon tausayi.

A arewa kuwa, inda labarin ya fi ƙarfi a farko, babu abin da ya rage a fili sai 'yan coci-cocin da gwamnati ta gina a Pyongyang tun daga 1988, waɗanda ake kai baƙi su gani, yayin da mallakar Littafi Mai Tsarki a ɓoye ke iya kai mutum sansanin horo. Kim Il-sung, wanda ya kafa wannan tsari, a gidan Kiristoci ya tashi: mahaifinsa ya yi karatu a makarantar mishan ta Soongsil, dangin mahaifiyarsa kuma manya ne a cocin Presbiteriya na Chilgol. Ɗaya daga cikin coci-cocin da aka yarda su tsaya a birnin yau yana unguwar Chilgol ɗin ne, inda mahaifiyar tasa ta yi sujada, kuma sunanta, Kang Pan-sok, ma'anarsa dutse, kamar sunan manzo Bitrus.